Masu Tara Kayan 'Yan Nazi da na 'Yan Fasist: Me Kimiyya Ke Cewa Game da Su?

Gabatarwa

A watan Yuli na shekarar 2022, wani gidan gwanjo da ke jihar Maryland ta ƙasar Amurka ya sayar da agogon hannu guda ɗaya a kan dala miliyan 1.1. Abin da ya kai agogon wannan farashi shi ne da'awar masu gwanjon cewa na Adolf Hitila ne, mutumin da ya mulki Jamus daga 1933 zuwa 1945, wanda gwamnatinsa ta hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6, ban da sauran miliyoyin da suka salwanta a Yaƙin Duniya na Biyu. Shugabannin Yahudawa da dama sun yi Allah wadai da cinikin tun kafin a buga ƙararrawa, amma hakan bai hana shi gudana ba.

Duk mai hankali da ya ji wannan labari sai ya tambayi kansa: wane irin mutum ne zai zubar da dukiya don ya mallaki abin da azzalumi ya ɗaura a hannunsa? Shin son kayan yana nufin son mai kayan? A wannan darasi za mu duba tambayar ta fuskar ilimin halayyar ɗan Adam, da kimiyyar gano jabu, da kuma dokokin ƙasashe. Za mu ga cewa mallakar kayan kaɗai ba ta isa hujja a kan zuciyar mutum ba, sai dai irin kayan da ya zaɓa da yadda yake mu'amala da su suna bayyana abubuwa da yawa.

Waɗanne Kaya ne, Kuma Daga Ina Suka Fito?

Aƙidar Fasist ta samo asali ne daga Italiya, inda Benito Musolini ya kafa ƙungiyarsa a 1919, ya kuma hau mulki a 1922. Sunan ya fito daga wata tsohuwar alamar iko ta daular Rum, wato damin sanduna da gatari a ɗaure tare. Aƙida ce ta mulkin mutum ɗaya, da ɗaukaka ƙasa da yaƙi, da murƙushe duk mai adawa. 'Yan Nazi na Jamus sun ɗauki wannan tafarki, suka ɗora masa ƙiyayyar jinsi mai tsanani. Mu a Afirka ba baƙi ba ne ga illar wannan aƙida. Gwamnatin Musolini ce ta rataye Umar Muktar a Libiya a 1931, ita ce kuma ta mamaye Habasha a 1935, ta yi amfani da iskar guba a kan jama'a, sannan a watan Fabrairu na 1937 aka kashe dubban mutane a Adis Ababa. Sojojin Nijeriya suna cikin waɗanda suka kori dakarun Italiya daga gabashin Afirka, domin su ne suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, suka kuma kai Harar a watan Maris.

Waɗannan gwamnatoci biyu sun bar kaya masu ɗimbin yawa, saboda sun dogara ƙwarai da alamomi wajen jan hankalin jama'a. Akwai tutoci, da lambobin yabo, da bajo-bajo, da wuƙaƙen ado, da hulunan kwano, da kaki, da kan sarki, da hotunan bango. An buga littafin Hitila mai suna Mein Kampf fiye da kwafe miliyan 12 kafin ƙarshen yaƙi, har ana ba da shi kyauta ga sababbin ma'aurata a garuruwa da yawa. Da yaƙi ya ƙare a 1945, sojojin ƙawance, musamman na Amurka, suka kwashi irin waɗannan kaya a matsayin ganima, suka kai gida. Jamusawa da Italiyawa kuma wasu suka ƙone nasu, wasu suka ɓoye a rufin ɗaki ko cikin akwati. Yayin da tsofaffin suka riƙa mutuwa, magada suka riƙa cin karo da kayan, wasu suka kai su kasuwa.

Yana da kyau ɗalibi ya raba kayan gida biyu tun daga nan, domin bambancin zai yi mana amfani a gaba. Kashi na farko shi ne kayan gama-gari, waɗanda masana'antu suka ƙera dubbai, kamar hular kwanon ƙaramin soja. Kashi na biyu kuwa shi ne kayan jikin shugabanni, wato abin da Hitila ko Musolini ko wani na kusa da su ya sa, ko ya taɓa, ko ya ci abinci da shi.

Tunanin Naso

A shekarar 1890, wani masani ɗan Birtaniya mai suna James Frazer ya wallafa nazarin da ya yi a kan tsafi da camfe-camfen al'ummomin duniya. Ya lura cewa a wurare da yawa mutane sun yi imani da cewa abubuwa biyu da suka taɓa haɗuwa suna ci gaba da yin tasiri a kan juna ko bayan sun rabu. Bahaushe ya san wannan tunani sarai. Shi ya sa a da ake gargaɗin mutum kada ya yar da gashinsa ko farcensa barkatai, ake kuma tsoron a ɗebi ƙasar sawun mutum a yi masa sammu. Za mu kira shi tunanin naso, domin ana ɗauka cewa wani abu na mutum yana nashewa cikin kayansa kamar yadda shuni yake nashe farin ƙyalle. Frazer ya ɗauka wannan tunani na mutanen da bai ɗauke su wayayyu ba ne. Masana na baya sun nuna cewa yana nan daram a zukatan masu ilimin zamani ma.

A 1986, Paul Rozin na Jami'ar Pennsylvania tare da abokan aikinsa Linda Millman da Carol Nemeroff suka yi wani gwaji mai sauƙi. Suka tsoma mataccen kyankyaso cikin kofin lemo, bayan sun tabbatar wa mutane cewa an kashe duk ƙwayoyin cutar da ke jikinsa, sannan suka cire shi. Mutanen suka ƙyamaci lemon, duk da sun san babu cutar da zai sa musu. Daga baya Nemeroff da Rozin suka faɗaɗa binciken zuwa tufafi. A wani nazari da suka wallafa a 1994, sun nemi mutane su kwatanta a ransu cewa an ba su rigar sanyi da wani ya taɓa sawa. Idan mai ciwo ne ya sa rigar, wanki da kashe ƙwayoyin cuta suna rage ƙyamar sosai. Idan kuwa mugun mutum ne ya sa ta, wankin ba ya yin wannan tasiri yadda ya kamata. Ke nan a tunanin mutane, mugunta tana manne wa zare ta hanyar da sabulu ba ya iya fitarwa. A irin waɗannan bincike, rigar Hitila ita ce misalin da aka fi kawowa.

Wannan tunani yana farawa tun ƙuruciya. Bruce Hood da Paul Bloom sun nuna wa yara ƙanana wata na'ura ta dabara, suka ce tana iya kwafar kowane abu daidai wa daida. A sakamakon da suka wallafa a 2008, yaran ba su damu ba idan aka kwafi abin wasa na gama-gari, amma da aka zo kan abin da yaro ya shaƙu da shi, kamar bargon barcinsa, sai suka fifita na asali, wasu ma suka ƙi yarda a sa nasu cikin na'urar. Ashe darajar abu a wurin ɗan Adam ba ta tsaya ga siffarsa da sinadaransa ba, tarihinsa ma yana cikin lissafi. Wannan ne ya sa mutum yake adana hular mahaifinsa da ya rasu, ko da akwai dubunta a kasuwa.

Abin da Farashi Yake Nunawa

Idan mutane suna gudun nason mugu, me ya sa kayan miyagu suke da kasuwa? George Newman da Gil Diesendruck da Paul Bloom sun bi diddigin wannan tambaya a wani bincike da ya fito a 2011. Sun tambayi mutane ko za su so sayen rigar wani shahararre. Idan wanda suke ƙauna ne, da aka ce musu an wanke rigar fes an kashe duk abin da ke jikinta, sai sha'awarsu ta ragu, domin an wanke abin da suke nema. Idan kuwa shahararren da suke ƙi ne, wankin ƙara musu sha'awa ya yi, kuma abin da ya fi rage ta shi ne a ce ba za su iya sake sayar da rigar ba. Wato mai sayen kayan wanda yake ƙi, yawanci riba yake hange.

A 2014, Newman da Bloom suka duba ainihin farashin da aka biya a wasu gwanjo. A gwanjon kayan tsohon shugaban Amurka John Kennedy da na 'yar fim Marilyn Monroe, kayan da ake ganin sun fi haɗuwa da jikin mai su sun fi tsada. A gwanjon kayan Bernard Madoff, wanda ya damfari mutane biliyoyin daloli, kusanci da jikinsa bai ƙara wa kayan daraja haka ba.

Yanzu sai mu ɗora wannan ma'auni a kan batunmu. Hular Hitila ba ta koya wa kowa komai game da yadda ya hau mulki ko yadda aka tsara kisan ƙare dangi. Takardar umarni guda ɗaya daga wani ƙaramin ofishi ta fi ta amfani ga mai nazarin tarihi nesa ba kusa ba. Duk da haka a wani gwanjo da aka yi a Munich a 2019, an sayi wata doguwar hularsa a kan yuro 50,000. Kasuwar kayan jikin shugabannin Nazi tana tafiya ne bisa ƙa'idar kusanci, irin wadda aka gani a kayan mutanen da ake ƙauna. Ko da wanda ya saya ɗan kasuwa ne mai neman riba, ribarsa ta dogara ne ga samuwar wani a ƙarshen layi wanda yake son kusancin don kansa.

Amma akwai hattara da kimiyya take koya mana a nan. An yi waɗannan gwaje-gwaje ne a kan jama'a gama-gari, kuma sakamakonsu yana bayyana halin taro ne. Abin da ya tabbata a kan taro ba ya zama hukunci a kan kowane mutum ɗaya. Shi ya sa dole mu duba masu tarawar rukuni-rukuni.

Rukunan Masu Tarawa

Rukuni na farko su ne magada. Mutum ya buɗe akwatin kakansa ya tarar da tuta mai alamar Nazi. Idan kakan sojan ƙawance ne, tutar shaidar nasara ce a kan zalunci. Idan kuwa ɗan jam'iyyar Nazi ne, tutar nauyi ce da iyali suke rasa yadda za su yi da ita. Ƙyalle iri ɗaya ne, amma ma'anarsa ta bambanta bisa hanyar da ya shigo gidan.

Rukuni na biyu su ne masu sha'awar kayan soja. Irin waɗannan sukan tara kayan ɓangarori daban-daban na yaƙi, suna nazarin masana'antar da ta ƙera kowace lamba, da shekarar da aka yi ta, da bambancin wannan da waccan. Russell Belk, wanda ya yi fice a nazarin alaƙar mutum da kayansa, ya bayyana a 1988 cewa mutane suna ɗaukar abin da suka mallaka tamkar wani sashe na kansu. Ga mai tara kaya, daɗin yana cikin farautar abin da ya yi ƙaranci, da cike gurbin da ya rage, da girman da yake samu a cikin 'yan'uwansa masu wannan sha'awa. Ta wannan fuska bai bambanta da mai tara kan sarki ko tsofaffin kuɗi ba. Sai dai jama'a ba sa kallonsu da ido ɗaya. A 2009, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta dakatar da wani babban manazarcinta kan harkokin soja, Marc Garlasco, bayan an bayyana cewa yana tara lambobin sojan Jamus na lokacin yaƙi. Ya musanta cewa yana da wata alaƙa da aƙidar Nazi, ya ce sha'awarsa ta samo asali ne daga tarihin iyalinsa. Ya bar aikin a 2010.

Rukuni na uku su ne waɗanda kyawun kayan da kwarjininsu suka ja. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin an tsara kayan ne da gangan don su burge. Baƙin kaki, da jar tuta, da gaggafa mai buɗe fukafukai, duk kayan farfaganda ne da aka yi domin su sa matashi ya ji yana son shiga sahu. Marubuciya Susan Sontag ta yi gargaɗi a wata maƙala ta 1975 cewa wannan kwarjini bai mutu tare da gwamnatin da ta ƙirƙire shi ba. Wanda ya ce kyawun kawai yake so, ba aƙidar ba, ya kamata ya tuna cewa kyawun shi ne ƙugiyar da aka ɗana tun farko.

Rukuni na huɗu su ne 'yan kasuwa, waɗanda suke ganin kayan a matsayin jari. Na biyar su ne mabiya aƙidar, waɗanda kayan suke zame musu abin girmamawa. Ana ganin irinsu a Predappio, garin da aka haifi Musolini, inda aka mayar da gawarsa kabarin iyalinsa a 1957. Magoya bayansa sukan taru a can a ranakun tunawa da shi, kuma akwai kantuna masu sayar da gumakansa da riguna masu hotonsa. Yawancin kayan waɗannan kantuna sababbi ne, ba su ga yaƙi ba, abin da yake nuna cewa ba tarihi mai sayen yake nema ba.

Akwai kuma rukuni na shida da ba a cika tunawa da su ba, wato masu saye don su hana. A gwanjon Munich na 2019 da muka ambata, wanda ya sayi hular shi ne Abdallah Chatila, wani attajiri ɗan asalin Labanon mazaunin Suwizalan. Ya kashe kimanin yuro 600,000 a kan kaya da dama, ya ce ya yi hakan ne don kada su faɗa hannun masu neman farfaɗo da aƙidar Nazi, aka kuma miƙa su ga cibiyar Yad Vashem da ke Birnin Ƙudus, wadda take adana tarihin kisan Yahudawa. Da za a yi masa hukunci da rasidin ciniki kaɗai, da an zalunce shi. Duk da haka wannan hanya tana da nata aibin, domin kuɗin da ya biya sun shiga aljihun masu sayarwa, sun kuma tabbatar musu cewa kasuwar tana ci.

Jabu da Yadda Kimiyya Take Tona Shi

Tunanin naso yana da wani rauni babba, shi ne cewa ido ba ya ganin nason. Babu na'urar da za ta nuna cewa wane ya taɓa riƙe wannan cokali. Abin da mai saye yake biya shi ne labari, labari kuwa ana iya ƙirƙirarsa. Saboda haka wannan kasuwa cike take da jabu. A 2017 an sayar da wata jar wayar tarho da aka ce ta Hitila ce a kan dala 243,000, amma wasu masana tarihin sadarwa a Jamus suka nuna shakka mai ƙarfi a kan sahihancinta. A shekarar nan kuma 'yan sandan Ajantina suka gano kaya kusan 75 masu alamun Nazi a wani ɓoyayyen ɗaki kusa da Buenos Aires. Labarin ya karaɗe duniya, amma da ƙwararru daga Jamus suka bincika sai suka ce mafi yawansu jabu ne. A Italiya ma, a 1957, an kama wata uwa da 'yarta a garin Vercelli da ƙirƙirar kundaye 30 da sunan littattafan sirrin Musolini.

Mafi shahara a cikin irin wannan damfara ita ce ta 1983. A ranar 25 ga Afrilu, mujallar Stern ta Jamus ta Yamma ta sanar da cewa ta samo kundaye 60 da Hitila ya rubuta da hannunsa, bayan ta biya mak miliyan 9.3. Wani fitaccen masanin tarihi na Ingila, Hugh Trevor-Roper, ya fara amincewa da su, jaridar Sunday Times ta Landan kuma ta shirya bugawa. Wanda ya rubuta su a zahiri shi ne Konrad Kujau, dillalin kayan Nazi a birnin Stuttgart, wanda ya daɗe yana sayar wa masu tara kaya zane-zane da takardun jabu. Yakan yayyafa wa shafukan ruwan shayi don su yi kama da tsofaffi. Ɗan jaridar da ya kawo kundayen, Gerd Heidemann, shi kansa mai tara kayan Nazi ne, har ya sayi jirgin ruwan shaƙatawa na Hermann Göring ya ci bashi a kansa. Hausawa sun ce so hana ganin laifi.

Ta yaya aka gano? Da farko an ba masana rubutun hannu wasu shafuka su gwada da wasu takardun da ake zaton na Hitila ne, suka ce hannu ɗaya ne. Ba su yi ƙarya ba, domin wasu daga cikin takardun gwajin ma Kujau ne ya rubuta su. Wannan darasi ne ga duk mai gwaji: idan ma'aunin kansa gurɓatacce ne, sakamakon ba shi da amfani. Da aka kai kundayen ɗakin binciken sinadarai sai asiri ya tonu. An haska takardar da hasken ultrabayolet, wato wani haske da ido ba ya gani, sai ta yi ƙyalli. Dalili shi ne tana ɗauke da wani sinadarin ƙara fari wanda yake shanye wannan haske ya mayar da shi shuɗi, kuma ba a fara sa shi a takarda ba sai bayan yaƙi. An sami zaren roba na zamani a ɗinkin kundayen. An kuma auna yadda sinadarin kuloraid ya fita daga tawadar, domin yana fita ne a hankali cikin shekaru, sai aka ga rubutun bai daɗe ba. Masu adana takardun tarihi kuma suka gano cewa an kwafo yawancin bayanan daga wani littafin jawaban Hitila da aka wallafa bayan yaƙi, har da kurakuran da ke cikinsa. Ko haruffan da aka manna a bangon kundi FH ne maimakon AH. A ranar 6 ga Mayu hukuma ta bayyana cewa jabu ne, a 1985 kuma aka yanke wa Kujau da Heidemann ɗaurin fiye da shekara huɗu kowannensu.

Abin lura shi ne, a ranar 5 ga Mayu kundayen suna da darajar miliyoyi, washegari suka zama tarkace, alhali ko ɗigo ɗaya na tawada bai canza ba. Wannan ya tabbatar da cewa nason yana cikin kan mai saye ne.

Matakan Hukumomi

Ƙasashe sun bambanta a kan wannan batu. A Jamus, sashe na 86a na kundin laifuffuka ya haramta nuna alamun Nazi a bainar jama'a ko yaɗa su, da hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara 3, amma ya ware koyarwa da bincike da fasaha. Ostiriya tana da tsauraran dokoki tun 1947. Italiya ta yi dokar hana farfaɗo da jam'iyyar Fasist a 1952. A Faransa, wata kotu ta umarci kamfanin Yahoo a shekarar 2000 da ya hana mazauna ƙasar kaiwa ga gwanjon kayan Nazi a intanet, a 2001 kuma Yahoo da eBay suka hana sayar da mafi yawan irin waɗannan kaya. Ostareliya ta fara aiki da dokar hana nuna alamun Nazi da cinikin kayan da ke ɗauke da su a watan Janairu na 2024. A Amurka kuwa tsarin mulki ya ba da kariya mai faɗi ga 'yancin faɗar ra'ayi, shi ya sa manyan gwanjo da yawa suke gudana a can.

Hukumomi sun kuma fahimci cewa wuri ma yana iya zama abin girmamawa. An rushe abin da ya rage na gidan Hitila da ke kan tsaunukan Bavariya a 1952. An rushe kurkukun Spandau da ke Balin a 1987, jim kaɗan bayan mutuwar fursunansa na ƙarshe, Rudolf Hess, don kada ya zama wurin ziyara. Gwamnatin Ostiriya ta karɓe gidan da aka haifi Hitila a garin Braunau, aka kuma fara aikin mayar da shi ofishin 'yan sanda a 2023.

Ƙonewa ko Adanawa?

Idan kayan suna da wannan haɗari, me zai hana a ƙone su duka? Amsa ita ce kayan shaida ne, kuma akwai masu musanta cewa an yi kisan ƙare dangin. Da takardun 'yan Nazi kansu aka kafa hujja a kan shugabanninsu a shari'ar Nuremberg ta 1945 zuwa 1946. Wanda ya ƙone shaida ya taimaki mai musu. A ƙarshen 2021, gidan tarihin Ostiriya da ke Vienna ya buɗe wani baje koli a kan wannan matsala, inda ake tambayar mai ziyara abin da zai yi idan ya tsinci irin wannan kaya a gidansu: ya adana, ko ya sayar, ko ya lalata.

Hanyar da masana suka fi gamsuwa da ita ita ce a kewaye kayan da bayani. Da haƙƙin mallakar littafin Mein Kampf ya ƙare a ƙarshen 2015, wata cibiyar nazarin tarihi da ke Munich ta sake buga shi a 2016 tare da sharhi kimanin 3,500, masu bayyana ƙaryar da ke ciki da abin da kalaman suka haifar. Haka gidan tarihi nagari yake yi da wuƙar ado ko tuta. Yakan faɗi wanda ya ƙera ta, da wanda ya riƙe ta, da abin da rundunarsa ta aikata, da mutanen da aka aikata wa. Wuƙar da aka rataya a bangon falo ana goge ta tana walƙiya, an raba ta da duk wannan, an bar mata aikin da aka ƙera ta dominsa, wato burgewa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da wasu tambayoyi da suka fi amfani da tambayar ko mutum yana da kayan ko ba shi da su. Shin kayan gama-gari yake nema don abin da suke koyarwa, ko kayan jikin shugaba don kusanci? Shin tarinsa ya haɗa da ɓangarorin yaƙi daban-daban da tarihin waɗanda aka zalunta, ko kuwa na azzalumai kaɗai ne? Idan yana bayanin kayan, yana ambaton abin da masu su suka aikata, ko yana kauce wa zancen? Idan aka ce a gwada sahihancin abin da ya saya, yana maraba ko yana fushi? Amsoshin waɗannan ba za su buɗe zuciyar mutum gaba ɗaya ba, amma sun fi zato kusa da gaskiya. Kuma ko mai tarawar da niyyarsa take da kyau yana da alhakin tuna cewa akwai iyalai a Turai da Habasha da Libiya waɗanda waɗannan alamomi suke tuna musu da kakanninsu da aka kashe.

Tambayoyi Don Tattaunawa a Aji

1. Bayyana tunanin naso da kalmominka, ka kawo misali biyu daga al'adun garinku, ɗaya na abin da ake so a taɓa, ɗaya na abin da ake gudu.

2. Me ya sa gwajin rubutun hannu ya kasa gano jabun kundayen 1983, amma gwajin sinadarai ya gano? Wane darasi wannan yake koyarwa game da ma'auni?

3. Malami zai iya raba aji biyu, ya tambayi kashi ɗaya ko za su sa wankakkiyar rigar da mai mura ya taɓa sawa, ɗaya kashin kuma wankakkiyar rigar ɗan fashi. A ƙirga amsoshin, a tattauna dalilan da ɗalibai suka bayar.

4. A ra'ayinka, matakin da Abdallah Chatila ya ɗauka ya rage matsalar ne ko ya ƙara ta? Kafa hujja.